Rundunar Sarki Jimrau da Birni Mai Tafiya

Da sunan Mai raba kwana, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ɗaga sama ya rataye girgije. Ku gyara zama, ku ara mini kunne. Ni ne Barmo ɗan Tunau, mahaƙin rijiya, mutumin Tarmasu ta bayan tsaunuka bakwai. Ban taɓa riƙe mashi ba, ban san yadda ake ɗana kibiya ba, amma na ga yaƙi ta inda mayaƙa ba sa ganinsa. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, wanda ban gani ba kuwa zan ce ji na yi.

Ina da shekara ashirin da biyar Sarkin Tarmasu ya ɗaura yaƙi da mutanen kan dutse. Namu dubu goma sha biyu, su kuwa ko dubu uku ba su cika ba. Yayana Dogara yana cikin 'yan baka. Ranar da suka fita gari ya ɗauki guɗa, ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, balle ga yawan ga ƙarfin. Bayan wata biyu mutum ɗari huɗu da 'yan kai suka dawo, ba takalmi, ba baka. Dogara ba ya cikinsu.

Innarmu ba ta yi kuka ba. Tabarma ta ɗauka ta zauna a ƙofar gida, duk wanda ya gitta ta tare shi, "Ɗan nan, ta yaya goma sha biyu suka kasa uku?" Malam ya ce ƙaddara ce. Maƙeri ya ce ƙarfen masun ne ba shi da kyau. Boka ya ce asiri aka tura musu. Waɗanda suka dawo kuwa kowa da nasa labarin, babu biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Duk wanda ta ji ta bakinsa sai ta girgiza kai ta ce, "Ba shi ke nan ba." Haka ta yi ta yi har damina ta zagayo, Allah ya karɓi abarsa. Ta tafi ta bar mini tambayar, gadon da babu mai neman a raba da shi. Na saɓa dagi, na naɗe igiya, na kama hanya.

Shekara uku ina yawo ƙasa-ƙasa, in haƙa rijiya in ci abinci, in yi tambaya a yi mini dariya. A ta huɗu na faɗa wani fili da ake kira Ƙonanniya. Tafiyar kwana shida babu itace ko ɗaya, sai baƙaƙen kututtura. Da hantsin rana ta bakwai na hango wasu abubuwa a jere suna walƙiya. Na matso kusa. Giwaye ne na tagulla, kowace ta kai tsayin soron bene, sun haura ɗari uku, duk sun fuskanci gabas. Wata ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya a haka. Balbelu sun yi sheƙa a kunnuwansu.

Ina tsaye baki buɗe sai wata 'yar ƙofa ta buɗe a cikin ɗaya daga cikinsu, wani tsoho ya sauko ta tsanin igiya. Ya ce sunansa Korau. Ya ba ni ruwa, muka zauna a inuwar giwar, na gaya masa abin da ya fito da ni daga gida.

Ya ce, "Ka zo inda za ka ji rabi. Ni ne shugaban masu hura wa giwayen nan wuta. Gawayi suke ci, kowace kwando arba'in a yini. In wuta ta kama a cikinta sai ta miƙe ta yi tafiya, babu ganuwar da ke tsaya mata. Garuruwa goma sha tara muka ci. Sarkinmu ya ce sai gabas. Mutanen gabas ba su da giwa ko ta laka. Ka san abin da suka yi? Dajinsu suka cinna wa wuta da hannunsu, suka tsaya suna kallonsa yana ci suna hawaye. Muka iso babu icen da za a yi gawayi. Muka ƙone amalanke, muka ƙone garkuwoyi, har ƙotar mashi muka zare muka ba su. Ran nan da azahar waccan ta ɗaga ƙafa, ba ta sauke ba har yau. Da la'asar mutanen gabas suka zo mana da sanduna."

Na ce, "Baba, ke nan amsar ita ce gawayi?"

Ya yi dariya har da tari. "Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kai ka fi ni sani. Amma in gawayi ne kaɗai, ai na gaya wa sarki tun muna gida. Me ya sa ya ji kuma ya taho? Wannan rabin ne ban sani ba, shekara talatin ina zaune a cikin giwa ina juya shi. Ka nemi Barde Anaruwa, jagoran rundunar Sarki Jimrau. Yaƙi arba'in ya yi ba a ga bayansa ba. In ka same shi da rai, ka tambaye shi."

Wata biyar na yi ina bin sawun rundunar nan. Ba ni na same ta ba, ita ta same ni. Wata rana da walaha 'yan sintirinta suka dira a kaina, suka ɗaure ni tamau, suka ce ɗan leƙen asiri ne. Babbansu ya zare takobi. Ina durƙushe na lura leɓɓansu duk sun tsattsage, salkunansu sun yamushe. Kusa da gwiwata kuma ga tururuwa tana fito da ƙasa daga rami, ƙasar baƙa, da danshi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka sare ni, ba ka son shan ruwa?"

Ya ce, "Ina ruwan yake?"

Na ce, "Kana tsaye a kansa. Ka kwance ni. In ban fito da shi kafin azahar ba, ramin ya zama kabarina, na rage muku wahala."

A zurfin gaba uku ruwa ya ɓulɓulo. Na tsira daga takobi, amma na faɗa igiya, don rundunar da ta sami mai jin ƙanshin ruwa ba ta sakinsa. Aka haɗa ni da wani manomi da aka kamo daga gonarsa, Nomau, ƙaton mutum mai ƙarancin magana, shi zai riƙa riƙe mini igiya yana jawo kwandon ƙasa. Ranar farko ya ce da ni, "Ɗan'uwa, ka shiga da zuciya ɗaya. Ban taɓa sakin abin da aka ba ni riƙo ba."

Rundunar mutum dubu talatin ce. Na zaci zan ga Barde Anaruwa a gaba cikin sulke. Ashe wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai kunne ɗaya, a kan jaki, kullum yana can baya wajen masu ɗaukar hatsi. Ba ya duban mashin mayaƙi. Tafin ƙafarsa yake dubawa, ya matsa salkarsa ya ji nauyinta, ya tambaye shi yaushe rabonsa da abinci mai ɗumi. Ranar da ya zo duba rijiyata na zube na gaishe shi, na faɗa masa tambayar da nake ɗauke da ita.

Ya dube ni ya ce, "Kai kuwa da wace irin sa'a ka zo? Ba sai na yi maka karatu ba. Ka buɗe idonka kawai, wannan yaƙin da muke ciki zai koya maka."

Waɗanda za a yaƙa su ne mutanen Gilmaza, kuma birninsu ba a ƙasa yake ba. A bayan kunkuru yake. Kunkuru saba'in ne, kowane faɗin bayansa ya kai filin kasuwa, an gina gidajen kara da rumbuna a kai, an haɗa su da gadojin igiya. Tafiyarsu ba ta fi ta tsohuwa mai sanda ba, amma ba sa tsayawa, kuma sau ɗaya suke shan ruwa a shekara. Na yi ta tambayar mayaƙa me mutanen nan suka yi. Wani ya ce manzonsu ne bai cire takalmi a fada ba. Wani ya ce gishirinsu ake so. Wani ya ce shi dai an ce ya taho.

A bakin Baƙin Kogi aka haɗu. Mayaƙan Gilmaza sun tsare mashiga, baka a ɗane. Nan na ga aikin Barde. Ya tattara duk tamburan runduna ya ba mutum ɗari biyu, ya tura su sama da kogin, suka yini suna kiɗa suna ihu kamar duniya ce za ta tsallaka ta can. Mutanen Gilmaza suka kwashi ƙarfinsu suka nufi wurin. Shi kuwa ya bi da rundunar ta ƙasa, inda na auna masa ruwan da sanda na ga bai wuce ƙugu ba. Kafin su farga an zagaye su. Kafin la'asar an gama. Barde ya wuce ni a kan jakinsa ya ce, "Yaƙi ɗan zamba ne, Barmo. Amma wannan faɗa ne muka ci, kada ka rikita shi da yaƙi."

Kashegari da safe Sarki Jimrau ya tara manyansa a inuwar wata tsamiya. Aka kira ni don a ji batun ruwan gaba, na zauna can gefe. Sarkin dogo ne, kyakkyawa, bai wuce shekara arba'in ba. Ana cikin haka manzon Gilmaza ya iso, wani makahon dattijo, ya cire takalmansa tun daga nesa.

Ya ce, "Magajiya Tasalla, uwar birninmu, tana gaishe da Sarki. Ta ce a tambaye ka, me kake so?"

Sarki ya ce, "Nasara."

"Ai ka same ta jiya, ranka ya daɗe. Sai me?"

"Birnin nake so."

"Ka yi me da shi? Kunkurun ba sa jin kiran kowa sai wanda aka haifa a bayansu. In gishiri ne ka faɗi buhu nawa. In gaisuwa ce ka faɗi ranar."

Na dubi Sarki. Na ga ya buɗe baki ya rufe. Sai idanunsa suka yi ja, ya ce, "Ka gaya mata ba a taɓa cin Gilmaza ba, ni zan ci ta. Fita!"

Da manzon ya tafi Barde ya tashi ya durƙusa. "Allah ya ja zamaninka. A bayanmu ga kogi, ga hatsi, ga hanyar gida. A gabanmu Farin Fili ne, gishiri zalla. Yau duk abin da ka ambata za a ba ka. Gobe in mun tsallaka, kowace rana mu muke raguwa. Ka faɗi abu ɗaya, ko ƙarami ne, a ba ka, mu juya da mutanen nan suna raye."

Sarki ya ce, "Tsufa ya kama ka, Barde."

"Ya kama ni. Shi ya sa na san inda ake tsayawa."

A take aka karɓe tutarsa aka ba wani ƙanin matar Sarki. Aka juyo kaina, na ce ban san ƙasar ba, amma farar ƙasa ba ta cika alheri ba. Babu wanda ya ko dube ni. Da hantsi aka buga tambari, muka shiga Farin Fili. Barde ya biyo mu a kan jakinsa, ba tuta, ba muƙami.

Tun ranar farko muka hango birnin. Yana can a bakin sama, baƙi-baƙi, hayaƙin girkinsu yana tashi. Mayaƙa suka yi ihu, kowa ya ce gobe a can za a yi kalaci. Mun fi kunkurun sauri nesa ba kusa ba. Amma mu sai mun tsaya an haƙa rijiya, sai mun jira hatsi ya iso, sai mun huta. Su kuwa ba sa tsayawa. Duk tazarar da muka rage da rana sai mu wayi gari ta dawo.

Rijiyar farko gaba biyar. Ta biyu tara. Ta uku goma sha huɗu, ruwan kuma da ɗanɗanon kanwa. Kowace rijiya sai an bar mutum ɗari biyar su tsare ta, don 'yan bakan Gilmaza suna zagayowa ta baya suna cike ramukan da ƙasa. Masu kawo hatsi daga bakin kogi, tafiyar ta yi musu nisa, kafin su iso sun cinye rabin abin da suka ɗauko, daga baya ma suka daina isowa. Zawo ya shiga sansani. Hasken gishiri ya fara makantar da mutane. Ba a harba kibiya ko ɗaya ba, amma kowace safiya sai an bar wasu a kwance.

Ni ne farkon wanda ya san ruwa yana ƙare mana, don ni nake ɗanɗana ƙasar. A rijiya ta shida na kai gaba ashirin da biyu kafin in sami abin da zai jiƙa kwando. Na fito na je gaban Sarki na faɗi.

"Ranka ya daɗe, ni ba mayaƙi ba ne, amma ƙasa ba ta yi mini ƙarya. Gaba babu ruwa. In mun juya yau, da wanda ke salkunanmu za mu kai rijiya ta biyar. In mun ƙara kwana biyu, ko mun juya ba za mu kai ba."

Na zaci zai sa a sare ni. Bai yi ba. Leɓɓansa sun fashe kamar na kowa, don na gani da idona yana ba marasa lafiya rabonsa na ruwa. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya nuna mini gabas.

"Saurara, Barmo. Kana ji?"

Na kasa kunne. Can nesa, carar zakara.

"Zakarunsu ne. Mutum dubu takwas na bari a hanyar nan. In na juya yanzu, me zan ce da iyayensu sun mutu suna yi? Je ka haƙa."

Na fito. Na tarar da Barde a inuwar jakinsa yana ɗaure wa wani mayaƙi ƙafa da tsumma. Na ce, "Baba, ka yi wani abu. Mutanen nan kai suke ji."

Ya ce, "An ci mu tun a gindin tsamiyar nan, ranar da aka tambaye mu me muke so muka rasa amsa. Duk wannan tafiya ce kawai zuwa inda za a sanar da mu."

"Babu abin da za a yi?"

"Akwai. Mutum ɗaya ne zai iya yinsa, kuma ba zai yi ba. In na ce su bijire masa, rabi za su bi ni, rabi su bi shi, mu yanka juna a kan gishiri. Ni na koya musu bin umarni, shekara talatin ina koya musu. Yau ga shi suna bi."

"To kai me ya hana ka komawa?"

Ya ƙulle tsumman ya ce, "Wa zai duba musu ƙafa?"

Rana ta goma sha tara Sarki ya ce a tsaya a haƙa, don babu mai iya ɗaga ƙafa. Birnin yana nan a gabanmu, har shanyar tufafinsu muna gani. Nomau ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya rataya mini salkata da ba komai a ciki. Idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Ka samo mana, ɗan'uwa." Na sauka.

Kwana uku ina haƙa. Gaba ashirin, gishiri. Ashirin da biyar, jar ƙasa busasshiya. Talatin, dutse. Kwandon da a da yake dawowa nan da nan ya koma sai na daɗe ina jira. Rana ta uku da rana tsaka na cika shi na girgiza igiya. Ya tashi a hankali, ya kai rabi, ya tsaya. Na ji wata hayaniya can sama, sama-sama, kamar kasuwa daga nesa. Sai kwandon ya dawo da ƙarfi ya fashe a gefena, igiyar duka ta biyo shi ta zube a kaina.

Na yi kira. "Nomau! Nomau!" Shiru. Na gwada hawa, bangon gishiri ne, duk inda na sa ƙafa sai ya ruguje. Na zauna na ɗaga kai. Sama ta zama kamar bakin ƙoƙo, ungulu suna gittawa. Mai haƙa in ya rasa abin yi, haƙa yake yi. Na ɗauki dagi na ci gaba da dukan dutsen, ba don ina sa rai ba.

Can wajen la'asar sautin ya canja. Dutsen ya amsa kamar ganga. Na ƙara duka, dagin ya nutse, wata iska mai sanyi ta bugi fuskata. Na sa hannu. Ruwa! Ba idon ruwa ba ne, kogi ne guda yake gudu a ƙarƙashin ƙasa, mai sanyi, mai daɗi, wanda zai shayar da dubu talatin da dabbobinsu. Na sha har na shaƙe. Na miƙe na ɗaga kai na yi ihu, "Ruwa! Ga ruwa! Ku zuro guga!" Na yi ta yi har muryata ta dushe, har na koma ina buɗe baki babu abin da ke fita. Babu kan da ya leƙo.

Da na ga zama mutuwa ne, sai na faɗaɗa ramin, na hura salkata da baki har ta kumbura, na ɗaure bakinta, na rungume ta, na yi addu'a, na saki jikina cikin ruwan. Ya ja ni cikin duhun da ko tafin hannuna ba na gani. Wani wuri rufin ya sauko har sai na nutsar da kai. Wani wuri na ji faɗi kamar cikin babban ɗaki. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ga haske, ruwan ya tofo ni cikin wani tafki a tsakiyar kwazazzabo. Na buɗe ido, ga wani kai kamar rumbu a gabana, ya tsoma baki yana zuƙa. Kunkurun Gilmaza ne, su saba'in, sun kewaye tafkin. Birnin ya tsaya.

Mata masu ɗiban ruwa suka tsamo ni, aka kai ni gaban Magajiya Tasalla. Na zaci zan ga ƙasaita. Wata gajeruwar dattijuwa na tarar a kan buzu, ƙasusuwan wuyanta a waje, tana raba dusa da ludayi ga mata a layi. Ta saurari labarina ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Ba ka san abin da ya faru a sama ba ke nan."

Wannan ji na yi, ban gani ba. Ta ce ta tura mutum dubu biyu, ba baka, ba mashi, sai jakuna ɗauke da salkuna. Da rana tsaka suka tsaya a bakin sansani suka ce duk wanda ya ajiye makami ya zo ya sha. Babu wanda ya motsa, duk ana duban Sarki. Sai wani tsoho mai kunne ɗaya ya fito, ya zare takobinsa ya ajiye a ƙasa, ya juya ya ce, "Wannan ne umarnina na ƙarshe. Ku sha." Mutum dubu shida suka zubar da masu. Shi ya tsaya yana tsara su layi-layi don kada su tattake juna, ya ce sai na ƙarshe ya sha zai sha. Layin bai ƙare ba ya zauna, bai tashi ba. Sarki Jimrau kuwa an kai masa ƙoƙo har gabansa ya kau da kai. A zaune ya cika, yana fuskantar birnin.

Na ce, "Iya, shekara biyar ina yawo da tambaya ɗaya. Ta yaya kuka ci su?"

Ta ajiye ludayin. "Ci? Dubi mutanena, ɗan nan. Irin shuka muka cinye. Jikokina biyu na binne a gishirin nan. Mu dai mun san abin da muke so, mu wayi gari da rai, shi ke nan. Sau uku na aika masa, biyu ma ba a bar manzon ya iso ba. Da ya ce gishiri, da na ba shi. Da ya ce in zo in cire takalmi a gabansa, da na taka da ƙafata." Sannan ta ce, "Yaushe ka ce ka fasa dutsen?"

Na ce, "Da la'asar."

"Kunkurun nan in sun fara sha, kwana bakwai ba sa motsi, ko wuta aka sa musu. Jiya suka fara. Ba mu san da kogi a ƙarƙashin sansaninku ba. Da ka fasa da hantsi, da rundunar ta sha ta miƙe, tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu. Da yanzu ni ce a kwance."

Na dubi hannuwana. Na dubi matan da ke layi da ƙoransu, wasu da goyo. Na tuna Nomau. Ban san ko in gode wa Allah da na makara ba, ko in yi kuka. Har yau ban sani ba.

Kashegari na koma sansanin tare da waɗanda suka tsira da mutanen Gilmaza. A bakin rijiyar na sami Nomau, kwance rubda ciki, hannuwansa biyu sun zura cikin ramin. Igiyar ta saɓule masa fatar tafi duka. An ce da aka kawo ruwan an kira shi ya ƙi tasowa, ya ce akwai mutum a ƙasa.

Kwana arba'in muka yi muna haƙa a Farin Fili, mu da waɗanda muka zo yaƙa, kafaɗa da kafaɗa. Ba rijiya muke haƙa ba. Ni na haƙa na Nomau, ni na haƙa na Barde, na sa su kusa da juna. Na Sarki ma ni na haƙa, don babu wanda ya yarda ya taɓa. Duk kwanakin nan daga rijiyata muke sha, muke wanke gawa, ba ta ragu ko da taƙi ɗaya ba.

Tana nan har yanzu a tsakiyar gishiri, kaburbura sun kewaye ta iya ganin ido. Ayari kan yada zango a bakinta, raƙuma su sha, mutane su cika salkuna su yi gaba. Fatake sun sa mata suna Makara. Ban taɓa tambayarsu wace makarar suke nufi ba.

Nan dagina ya tsaya. Wanda ya ji, Allah ya sa ya ji da kunnen zuci, wanda ke kwance a can kuwa, Allah ya sanyaya masa makwanci.